Yadda ake hayar babur a ƙasar waje ba tare da an jawo wa kai magana ba

A Tawa yaro yakan iya babur tun kafin ya iya naɗa rawani. Yau an aike shi kasuwa da Kasea ta yayansa, gobe ya kai gwaggo Ƙonni, kuma har ya yi gemu babu wanda ya taɓa ce masa ina perminka na tuƙi. Da wannan sabo muke fita waje, mu da ke zuwa Kotonu da Lome jiran kaya, da ɗalibanmu na Maroko da Turkiyya da Indiya, da masu zuwa Bankok sayayya. Mun iya tuƙi, wannan babu gardama. Amma iya tuƙi daban, samun izinin tuƙi daban, kuma mai ba da haya ba zai raba maka su ba. Shi kuɗinsa yake so. Zai miƙa maka makulli yana murmushi, ranar da abu ya faru kuma kai kaɗai za ka tsaya gaban ƴan sanda.

Ni na biya kuɗin wannan karatu a Kotonu. Kayana sun makale a tashar jirgin ruwa, kullum ina hawan zemijan, wato kabu-kabunsu masu riga ruwan ɗorawa, daga Zango zuwa tasha zuwa kasuwar Dantokpa, har na ga kuɗin suna zurarewa. Wani a unguwa ya ce zai ba ni babur ɗinsa, jika uku a wuni. Babu takarda, babu komai, musafaha kawai muka yi. A kwana na shida na goga wa wata mota a mahaɗar hanya, ƙofarta ta loɓa. Ɗan sanda ya ce permi. Na ba shi, ya duba ya ce wannan na mota ne. Ya ce asiransi, wato inshora. Na lalubo takardar da ke ƙarƙashin sirdi, ashe ta mutu wata huɗu da suka wuce. Da na kira mai babur, cewa ya yi, "Alhaji, ai ba ka tambaye ni ba." Gaskiyarsa kuwa. Gyaran motar, kuɗin fiddo babur daga furiyar, inda ƴan sanda ke tsare abin hawa, duk daga uwar kuɗina suka fita.

Ga yadda nake yi tun daga ranar.

Mataki na 1: Duba harafin da ke kan perminka, tun kana gida

Permi ba ɗaya ba ne. Kowane harafi da abin da ya halatta maka. Harafin B na ƙaramar mota ne, harafin A shi ne na babur. A ƙasashe da dama an sake kasa A ɗin: A1 na babur wanda injinsa bai wuce sese 125 ba (sese ma'aunin girman inji ne), a Turai kuma akwai A2 a tsakiya, sannan cikakken A na manyan babura. Yawancinmu da muka je otoekol, makarantar koyon tuƙi, B muka yi, don mota muke hange, babur kuwa muna ganin ai wannan a jini yake.

Idan babu A a perminka, ka koma ka yi shi kafin tafiya. Kada wani ya ce maka ai ƙaramin sikuta ne, permin mota ya isa. Akwai ƙasashen da suke sassauta wa masu sese 50 zuwa ƙasa, akwai kuma waɗanda suke bar wa ƴan ƙasarsu masu B su hau 125 bisa wasu sharuɗɗa, amma wannan sassauci ba lallai ya shafi baƙo ba. Sannan baburan da ake bayarwa haya a yau, irin su Honda Click da Yamaha NMAX, daga 125 suke zuwa 155 ko sama da haka. Ƙanana ne a ido, a doka kuwa cikakkun babura ne.

Mataki na 2: Permin ƙasa da ƙasa

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe.

Permin ƙasa da ƙasa ɗan littafi ne da ke fassara perminka na gida zuwa harsuna da yawa, don ɗan sandan da bai iya Faransanci ba ya gane abin da aka ba ka izini. Fassara ce kawai. Ba ya ƙara maka harafin da ba ka da shi. In B ce a perminka na Nijar, B za a buga a cikinsa. Kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da permin gida na asali. Wanda ya bar na gida a Yamai ya tafi da ɗan littafin kawai, daidai yake da wanda bai ɗauki komai ba.

Iri biyu ne suka fi yawo a duniya, kowanne da yarjejeniyar da ta haife shi. Akwai na yarjejeniyar Janeba ta 1949, wanda ke aiki shekara 1. Akwai na yarjejeniyar Biyana ta 1968, wanda ke iya kai shekara 3, sai dai in permin gida ya riga shi mutuwa. Shekarar tana rubuce a bangon littafin. Bambancin ba na wasa ba ne: Japan na 1949 take karɓa, Biyetnam kuwa na 1968. Ƙasar Sin ba ta karɓar ko ɗaya, sai mutum ya nemi izinin wucin gadi a can. Su kuma masu zuwa Guwanzu su cire ransu ma gaba ɗaya, tun 2007 aka hana babur yawo a cikin birnin. Kafin ka yanki tikiti, ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka, wane iri suke karɓa kuma na tsawon wane lokaci, domin izinin na baƙo ne mai wucewa. Ɗalibin da ya samu takardar zama, bayan wani lokaci dokar ƙasar za ta nemi ya sauya zuwa perminsu.

A ƙasar da ta ba ka permi ake yin na ƙasa da ƙasa, a ofishin sufuri, kuma kafin ka fita. Ka je da perminka, da katin ɗan ƙasa ko fasfo, da hotuna, da kuɗin da za su faɗa maka, kuma kada ka bari sai ana gobe tafiya. Waɗanda ke talla a intanet cewa za su aiko maka da "permin duniya" cikin minti goma in ka tura kuɗi, takardar banza suke sayarwa. In ta yi kyau a ido ma, ranar hatsari kamfanin asiransi ba ido yake dubawa ba.

A Benin da Togo da Kodebuwa, perminmu da Faransanci yake, ɗan sanda yana karantawa ba tare da tafinta ba. Duk da haka ni ina riƙe da ɗan littafin, don yana kashe gardama a bakin hanya, balle a Gana da Najeriya inda harshen ya sauya. Kuma tunda Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, duk abin da ka saba yi da can bisa "ai ƙasarmu ɗaya", ka sake tambaya kafin ka dogara da shi.

Mataki na 3: Wajen wa za ka karɓa

Shago mai rajista, mai adireshi, mai kwantaragi a rubuce, ya fi tsada. Na ɗan unguwa ya fi araha. Na gaya muku yadda arahar ta ƙare da ni. In dole sai na ɗan'uwa za ka karɓa, to ku rubuta ko a takardar littafin makaranta ce: sunansa, sunanka, lambar babur, kwana nawa, nawa ne, ku sa hannu gaban mai masaukinka. Zumunci ba ya ɓaci don an rubuta. Rashin rubutun ne ke ɓata shi.

Mataki na 4: Asiransi, wanda ya fi komai

Idan mai shago ya ce maka "akwai asiransi", bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka komai ba. Abubuwa uku ne ke iya lalacewa a hatsari: mutumin da ka buge da dukiyarsa, babur ɗin da kake kai, da jikinka. Kowanne da asiransinsa.

Na farko shi ne na dole, wanda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Nijar da Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal da Kamaru da wasu, ƙasashe 14 gaba ɗaya, doka ɗaya suke bi a harkar asiransi, wato kundin CIMA, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992. Kundin ya wajabta wannan asiransi kan duk abin hawa mai inji, har da babur, ko da yake kowa ya san baburan da ke yawo babu shi sun fi a ƙirga. Ga abin da ya kamata ka sani game da shi. Yana biyan wanda ka buge, yana biyan wanda ka goya, amma ba ya biyan direba. In ƙafarka ta karye, ba ruwansa. Sannan in aka tarar ba ka da permin da ya dace, kamfani zai biya wanda aka ji wa ciwo, domin doka ba ta yarda a bar shi a banza ba, sai kuma ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Ka ga inda harafin A ɗin nan ya dawo. Permi da asiransi igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ka karɓi takardar a hannunka ka duba abu uku: ranar mutuwarta, lambar babur ɗin ta yi daidai da wadda ke jikinsa da wadda ke kan kartigiris (takardar rajistar babur), da kuma irin aikin da aka yi masa rajista. Babur da aka yi wa asiransi don hawan mai shi, aka koma ana ba da shi haya, ƙofa ce ta gardama ranar biya.

A Tailan ma akwai na dolen, amma raunin jiki kawai yake rufewa, kuma zuwa wani iyaka. Motar da ka fasa wa fitila, daga aljihunka.

Na biyu shi ne na babur ɗin kansa, lalacewa da sata. Ƙananan shaguna da yawa ba su da shi sam, ma'ana in an sace, kai za ka sayi sabo. Inda akwai, ka tambayi faranshiz, wato kuɗin da kai za ka fara biya kafin kamfani ya ɗauki saura. Ka sa a rubuta adadin. Ka kuma tambayi sharaɗin sata: wasu ba sa biya sai ka kawo makulli da takardar ƴan sanda, wasu sun ce dole babur ya kwana cikin gida.

Malamanmu suna karantar da cewa abin haya amana ne a hannun mai haya, in ya lalace ba da sakacinsa ba babu ramuwa a kansa. Haka ne a littafi. Takardar da ka sa wa hannu a shagon Marrakesh ba ta yi wannan karatu ba, kuma ita alƙalinsu zai duba.

Na uku, na jikinka, shi ne asiransin tafiya da ake yanka tun daga gida. Masu neman bizar Shengen sun san shi, tunda ba a ba da biza sai da wanda ya kai yuro 30,000, kusan sefa miliyan 19 da dubu 700. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan takardu, a can ƙasa cikin ƙananan rubutu, sun cire hatsarin babur gaba ɗaya, ko sun ce sai wanda bai wuce sese 125 ba, kuma sai kana da permi kana sanye da kaske, wato hular kwano. Ka tambayi wakilin kamfanin kai tsaye: in na faɗi a kan babur na haya, za ku biya asibiti? Za ku dawo da ni gida? Ya nuna maka layin da ya ce haka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da asiransin zamani ba, a ƙasashe irin Maleshiya akwai na takaful, wato asiransi irin na Musulunci, sai ya nema.

Mataki na 5: Kwantaragi da kosiyon

Kada ka bar fasfonka jingina. Ko mai shago ya rantse cewa haka kowa ke yi, kada ka bari. Da zarar fasfo ya shiga aljihun teburinsa, duk farashin da ya yanka maka na ƙwarzane sai ka biya, tunda jirginka ba zai jira ka ba. Ka ba shi kwafi, ka ajiye kosiyon, wato kuɗin jingina, ya ba ka rasit mai hatimi. In ya ƙi, shago na gaba.

Manyan kamfanoni da kati suke riƙe kosiyon. Ba cirewa suke yi ba, toshe kuɗin suke yi har ka dawo, kuma wasu ba sa karɓar katin da ake loda wa kuɗi irin wanda yawancinmu ke tafiya da shi. Ka tambaya tun ta waya.

A cikin kwantaragin ka nemi waɗannan: kilomita nawa aka yarda maka a wuni, wa aka yarda ya tuƙa, ina ne iyakar inda za ka, wa ke biyan faci da lalacewar inji, ƙarfe nawa za ka maido. In da harshen da ba ka ji aka rubuta, ka ɗauki hotonsa ka tura wa wanda ya iya, ko ka sa waya ta fassara maka. Minti goma ne.

Mataki na 6: Ka duba babur kamar saye za ka yi

Mu da ke duba haƙoran rago a kasuwar Badagishiri kafin mu taya, bai kamata a ba mu babur mu hau ido rufe ba. Ka kunna bidiyon waya, mai shago yana tsaye, ka zagaye babur ɗin a hankali, kana nuna duk ƙwarzane da tsagewar roba da madubin da ke rawa. Ka ɗauki lambar, da agogon kilomita, da allurar mai. Ka matsa birkin gaba da na baya, ka gwada fitila da sigina da oda. Ka duba tayoyi: in zanensu ya shafe, a sauya maka. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin shekarunta, misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta tsufa takan bushe ta tsattsage ko da zanenta na nan.

Kaske kuwa, wanda suke bayarwa kyauta sau da yawa ƙoƙo ne kawai na kore ɗan sanda. Ka nemi mai rufe haɓa, mai igiyar da ke ɗauruwa, mai alamar inganci ta ECE ko DOT. In za ka yi mako biyu ko fiye, sayen naka ya fi. A Benin tun watan Maris na 2024 aka tsananta, direba da wanda aka goya duk sai da kaske. Rawani ko hula ba sa tsaya masa.

Sai wani abu da ba a faɗa wa mutanenmu. Sikuta ba ta da giya. Hannun hagu, inda ka saba matsa kuloci a Kasea ko Haojue, a sikuta birkin baya ne. Wanda ya saba, in ya firgita zai damƙe shi da ƙarfi kamar zai sauya giya, taya ta kulle, ya sha ƙasa. Ƙafar dama kuma za ta nemi birki ta tarar babu. Tayoyinta ƙanana ne, ba sa son rami, ba sa son yashi. Ka sami fili ka yi zagaye biyar ko goma kafin ka shiga titi, ko da kana jin kunyar yaran shago.

Mataki na 7: A kan hanya

Mu hannun dama muke bi, haka ma Benin da Togo da Najeriya da Gana da Maroko da Turkiyya. Amma Tailan da Maleshiya da Indunusiya da Indiya da Kenya da Yuganda da Tanzaniya da tsibirin Sayifurus, hagu suke bi. Cikin cunkoso ba a cika kuskure ba, tunda kana bin na gabanka. Haɗarin yana wajen fitowa daga masauki da asuba titi babu kowa, da wajen karya kwana, da shataletale, wanda a can ta hagu ake shiga. Baƙo ko da ido makaho ne, kwana biyun farko ka bi bayan ƴan gari kawai.

A Kotonu wasu manyan tituna suna da layin babura a gefe, kuma ana kama wanda ya hau na motoci. Man kwalba na bakin hanya, irin na ƴan ruwa-ruwanmu, da suke kira payo, yana da araha, amma in ya toshe injin haya kai za a tuhuma. Ka sha a gidan mai ka riƙe rasit.

Tsallaka iyaka da babur ɗin haya magana ce daban. Daga Kotonu zuwa Lome bai fi kilomita 150 ba, sai mutum ya ga kamar ya leƙa ya dawo. A Hilakonji za a nemi kartigiris, da takardar izinin mai babur tunda ba sunanka ke kai ba, da katin asiransin CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982 don asiransin ƙasa ɗaya ya yi aiki a maƙwabciyarta. In babu su, ka bar babur ka hau mota.

Mataki na 8: In tsautsayi ya faɗa

Ka fara da wanda ya ji ciwo. Lambar gaggawa ka adana ta tun ranar isowa: 112 a Turai da Turkiyya, 1669 motar asibiti a Tailan, 1155 kuma ƴan sandansu masu kula da baƙi. Ka ɗauki hotunan wurin kafin a matsar da komai, ka kira mai babur, ka kira mai masaukinka ya zo ya tsaya maka, don baƙo shi kaɗai cikin taron ƴan gari ba ya da gaskiya ko da yana da ita. Ka bari ƴan sanda su yi konsta, wato rahoton yadda hatsarin ya faru. Sulhun bakin hanya yana da daɗi a ranar, amma ba tare da konsta ba kamfanin asiransi zai ce bai san zancen ba, kuma wanda ya karɓi kuɗinka yau yana iya dawowa jibi da takardar asibiti. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba. A ƙasashen CIMA ka sanar da kamfani cikin kwana 5 na aiki, in sata ce cikin awa 48.

Mataki na 9: Maidowa

Ka maido da rana, lokacin da mai shagon da kansa yake nan, ba ka ajiye makulli wajen mai gadi ka wuce filin jirgi ba. Ka cika mai zuwa inda ka same shi, ka sake zagaye babur ɗin da bidiyo, ya rubuta a kwantaragin cewa ya karɓa lafiya, ya sa hannu, ka karɓi kosiyonka ka ƙirga a gabansa. In da kati ne, sakin kuɗin yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har makonni, sai ka riƙa duba asusunka. Bidiyon da rasit kuma kada ka goge su da ka sauka Yamai. A ƙasashen da kyamara ke kama gudu, takardar tara takan iso wa mai shago bayan wata guda ko fiye, shi kuma ya cire daga katinka, kuma ranar da ke kan rasit ɗin ce kawai za ta nuna ko babur ɗin yana hannunka a lokacin.